Sashe na 28: Dokar da Ta Rufe Bakin Malaman Birtaniya Shekara Goma Sha Biyar

Da ƙarfe shida na yammacin ranar 23 ga Mayu, 1988, Sue Lawley ta fara karanta kanun labarai a gidan talabijin na BBC kamar yadda ta saba. Ba ta yi nisa ba sai masu kallo suka soma jin ihu da kokawa daga gefen da kyamara ba ta nunawa. Wasu mata huɗu ne suka kutsa cikin ɗakin watsa labaran. Abokin aikinta, Nicholas Witchell, ya danne ɗaya daga cikinsu, ita kuwa Lawley ta ba masu kallo haƙuri ta ci gaba da karatunta. Abin da ya kawo matan shi ne wata doka da za ta fara aiki washegari, wadda tarihi ya sani da suna Sashe na 28.

Dokar gajeriya ce, ba ta cika shafi ɗaya ba. Ba a taɓa hukunta ko mutum ɗaya a ƙarƙashinta ba. Duk da haka ta shafe shekara goma sha biyar tana juya abin da malamai ke faɗa da abin da suke haɗiyewa a makarantun Ingila da Wales. Wanda yake son ya fahimci yadda makarantun Turai ke fama da batun masu neman jinsi ɗaya da masu sauya jinsi, a nan ya kamata ya fara, domin tambayar da Sashe na 28 ya tayar har yau ba ta kwanta ba: idan gwamnati da iyaye da ɗalibi suka ja malami ta fuska uku, wa zai bi?

Yadda aka zo wurin

Har zuwa 1967, luwaɗi laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa a Ingila. A wannan shekarar majalisa ta cire hukunci a kan maza biyu da suka kai shekara 21 idan sun aikata a ɓoye bisa yardar juna, shekara goma bayan kwamitin Wolfenden ya ba da wannan shawara. Sikotilan ta bi sahu a 1980. Sai dai cire hukunci daban, yardar jama'a daban. Da cutar ƙanjamau ta ɓulla a farkon shekarun 1980, tsoro ya ƙara wa ƙyama ƙarfi. A 1987 gwamnati ta aika takardar gargaɗi kan cutar zuwa kowane gida a ƙasar, kuma a wannan shekarar babban binciken ra'ayin jama'ar Birtaniya ya nuna kusan mutum uku cikin huɗu na ganin tarayyar jinsi ɗaya kuskure ce, ko dai a kowane hali ko a mafi yawan lokaci.

Akwai kuma rikicin siyasa da ke ƙarƙashin maganar. A wancan zamani ƙananan hukumomi ne ke riƙe da makarantun gwamnati, kuma da yawa daga cikin na Landan suna hannun ɓangaren jam'iyyar Leba mai tsattsauran ra'ayi, wanda ba ya ga maciji da gwamnatin Margaret Thatcher. Wasu daga cikin waɗannan hukumomi sun fara ba ƙungiyoyin masu neman jinsi ɗaya tallafi. A 1986 ƙaramar hukumar Haringey ta arewacin Landan ta nemi makarantunta su riƙa nuna irin waɗannan mutane da kyakkyawar fuska a cikin darussa. Wasu iyaye suka kafa ƙungiya suka fito zanga-zanga, magoya bayan tsarin su ma suka fito.

Sai ga wani ɗan littafi ya zama makamashi. Wata marubuciya 'yar Danmak, Susanne Bösche, ta rubuta labarin wata yarinya da ke zaune da mahaifinta da abokin zamansa namiji, aka fassara shi zuwa Turanci a 1983 da sunan *Jenny Lives with Eric and Martin*. A 1986 jaridu suka ruwaito cewa hukumar ilimi ta tsakiyar Landan na da littafin, suka buga hotunansa a shafukan farko. Hukumar ta ce a cibiyar malamai yake ajiye, ba a ɗakin karatun yara ba, amma magana zarar bunu ce. Littafin ya zama shaidar da kowa ke ɗagawa a majalisa.

A ƙarshen 1986 Lord Halsbury ya kawo ƙudurin hana ƙananan hukumomi tallata luwaɗi da maɗigo. Abin lura shi ne gwamnatin Thatcher da kanta ta nuna shakku a lokacin, tana ganin da wuya doka ta iya bambance tallatawa da koyarwa ta gaskiya. Ƙudurin ya mutu da aka rushe majalisa domin zaɓen Yunin 1987. Bayan Thatcher ta ci zaɓe karo na uku, sai ta tsaya a taron jam'iyyarta a Blackpool cikin Oktoba ta koka cewa yaran da ya kamata a koya musu girmama tarbiyyar gargajiya ana koya musu cewa neman jinsi ɗaya haƙƙinsu ne. A Disamba ɗan majalisa David Wilshire, da goyon bayan Jill Knight, ya cusa sabon sashe cikin ƙudurin dokar ƙananan hukumomi. A wannan karon gwamnati ta karɓa.

Abin da dokar ta ce, da abin da ba ta ce ba

Sashen ya hana ƙaramar hukuma abu biyu. Na farko, kada ta tallata neman jinsi ɗaya da gangan, ko ta wallafa wani abu da wannan niyya. Na biyu, kada ta ƙarfafa koyar da cewa irin wannan zama karɓaɓɓe ne a matsayin abin da dokar ta kira iyali na riya, a kowace makarantar gwamnati. An kuma sa togaciya cewa hanin bai shafi aikin magani ko rigakafin yaɗuwar cuta ba.

A lura da kyau: da ƙaramar hukuma dokar ke magana. Ba ta ambaci malami ba, ba ta ambaci shugaban makaranta ba, ba ta kuma ƙirƙiro laifin da za a kai mutum kurkuku a kansa ba. Hasali ma, wata dokar ilimi ta 1986 ta riga ta ɗauke ilimin jima'i daga hannun ƙananan hukumomin Ingila da Wales ta miƙa wa kwamitin gudanarwar kowace makaranta, inda iyaye ke da wakilai, tare da sharaɗin a koyar da shi ta hanyar da za ta sa ɗalibai su kula da ɗa'a da darajar zaman iyali. Gwamnati ma ta fitar da takardar bayani a 1988 tana cewa sashen bai taɓa aikin malamai ba, bai hana tattauna batun a aji cikin adalci ba, bai kuma hana ba ɗalibi shawara ba.

To me ya sa ta yi tasiri haka? Amsar tana cikin kalma ɗaya: tallatawa. Babu wanda ya fassara ta. Idan ɗalibi ya tambayi malamar adabi dalilin da ya sa aka ɗaure Oscar Wilde a 1895, ta ba shi amsa, ta tallata? Idan malami ya tsawata wa yaran da ke zagin wani da cewa ɗan luwaɗi ne, ya ce musu mutum ne kamar kowa, ya tallata? Malami ba lauya ba ne, kuma takardar bayanin gwamnati ba ta kai ko'ina kusa da inda kanun jaridu suka kai ba. Ƙaramar hukumar da dokar ta ɗaure kuwa ita ce uwar gijiyar yawancin malamai, ita ke biyan albashi. Wanda bai san inda iyaka take ba, nesa da ita yake tsayawa.

A cikin aji

Abin da ya biyo baya shiru ne. Ɗakunan karatu sun janye wasu littattafai ba tare da kowa ya umarce su ba. Malaman da su kansu masu neman jinsi ɗaya ne suka ƙara ɓoye rayuwarsu. Wanda ya fi jin jiki shi ne yaron da ake tsangwama, ko da zargin da ake masa gaskiya ne ko ƙarya, domin a filin wasan makaranta ba a neman hujja kafin a laƙa wa yaro suna. Wani bincike da Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan ta yi a 1997 a makarantun sakandare kusan 300 ya gano cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na malaman da aka tambaya sun san ana irin wannan zagi a makarantunsu, amma kashi 6 kacal na makarantun ne suka ambaci matsalar a cikin ƙa'idojinsu na hana cin zali.

Masu goyon bayan dokar suna da tasu hujjar, kuma ba adalci ba ne a share ta. Sun ce makaranta amana ce da iyaye suka ba gwamnati, kuma babu ƙaramar hukumar da ke da hurumin amfani da kuɗin haraji ta sauya wa yara tarbiyyar da gidajensu suka ɗora su a kai. Sun ce shekarun yaro na firamare ba na irin wannan magana ba ne. Da yawansu sun yi imani, bisa addini, cewa aure tsakanin namiji da mace shi ne tushen iyali, kuma a 1988 mafi yawan 'yan ƙasar na tare da su. Matsalar ita ce makamin da suka zaɓa bai faɗa kan 'yan siyasar Haringey kaɗai ba. Ya faɗa kan malamar da yaro ya tsaya bayan an tashi yana son ya gaya mata abin da ke damunsa.

Dokar ta kuma haifar da abin da masu ita ba su zata ba. A Janairun 1988 fitaccen ɗan wasan kwaikwayo Ian McKellen ya bayyana a rediyon BBC cewa shi ma mai neman jinsi ɗaya ne, yana tsakiyar muhawara kan sashen. A Fabrairu wasu mata suka zuro igiya daga benen 'yan kallo suka sauko cikin zauren Majalisar Dattawa, kuma kimanin mutum 20,000 suka yi maci a Manchesta. A 1989 McKellen da wasu suka kafa ƙungiyar Stonewall, wadda ta zama mafi ƙarfin masu fafutuka a wannan fage, kuma daga baya ta shiga makarantu da horon malamai da kayan koyarwa. Garin neman gira an rasa ido: dokar da aka yi don rage tasirin masu fafutuka ita ce ta haɗa kansu.

Sokewa

Sikotilan ce ta fara. Sabuwar majalisarta da aka kafa a 1999 ta ɗauki soke sashen cikin ayyukanta na farko, sai ta ci karo da turjiya mai ƙarfi. Brian Souter, attajirin kamfanin motocin haya na Stagecoach, ya ɗauki nauyin ƙuri'ar jin ra'ayi ta gidan waya da kuɗin aljihunsa, Kadinal Thomas Winning na cocin Katolika kuma ya fito fili yana adawa da sokewar. Sama da mutum miliyan ɗaya suka mayar da takardar, kusan kashi 87 cikin ɗari na son a bar dokar, ko da yake mafi yawan waɗanda aka aika wa ba su amsa ba. Majalisar ta soke sashen a Yunin 2000 da ƙuri'a 99 a kan 17, amma ta maye gurbinsa da wani da ke umartar hukumomi su kula da darajar zaman iyali mai ɗorewa da kuma dacewar darasi da shekarun yaro.

A Ingila da Wales, yunƙurin gwamnatin Tony Blair na 2000 ya faɗi a Majalisar Dattawa, inda Baroness Young ta jagoranci masu adawa. Sai a Nuwamban 2003 sokewar ta tabbata. A 2009 David Cameron, shugaban jam'iyyar da ta kawo dokar, ya nemi afuwa a kanta. Shekara ɗaya bayan haka aka yi Dokar Daidaito ta 2010, wadda ta hana makaranta nuna wa ɗalibi bambanci saboda jinsin da yake sha'awa ko saboda sauya jinsi. Dokar nan kuma ita ce ta hana nuna bambanci saboda addini ko aƙida. An ajiye haƙƙoƙin biyu kafaɗa da kafaɗa a takarda ɗaya, aka bar wa makarantu aikin sasanta su.

Birmingham, 2019

Inda haƙƙoƙin biyu suka yi karo a fili shi ne Birmingham. A makarantar firamare ta Parkfield, wadda kusan dukkan ɗalibanta 'ya'yan Musulmi ne, mataimakin shugaban makarantar, Andrew Moffat, ya tsara wani shiri mai suna *No Outsiders*, wato babu bare. Shirin na amfani da littattafan hotuna wajen koya wa yara zama da mutane iri-iri, har da iyalan da ke da uwa biyu ko uba biyu. A farkon 2019 iyaye suka fara taruwa a ƙofar makarantar, ɗaruruwa suka hana 'ya'yansu zuwa aji, suna cewa ba a tuntuɓe su ba kuma darasin ya saɓa wa addininsu. Makarantar ta dakatar da shirin, ta zauna da iyaye, daga baya ta dawo da shi da gyare-gyare. A makarantar Anderton Park rikicin ya fi tsanani, har sai da babbar kotu ta haramta zanga-zanga a kewayen makarantar a Nuwamban 2019, alƙalin kuma ya ce an juya gaskiyar abin da ake koyarwa.

Kukan da shugabannin makarantu suka yi a lokacin ya yi kama da na 1988, sai dai an juya shi. Sabuwar manhajar ilimin zamantakewa, wadda ta zama wajibi daga Satumban 2020, ta ce ɗalibai su san da irin waɗannan iyalai kafin su bar makaranta, amma ta bar wa kowace firamare ta yanke lokacin da ya dace. Iyaye na da damar cire yaro daga darasin jima'i, ba su da damar cire shi daga darasin zamantakewa. Ina ɗaya ya ƙare, ɗaya ya fara? A da malami na tsoron ya yi magana, yanzu yana tsoron ya yi shiru, kuma a duka biyun gwamnati ta rubuta kalma mai harshen damo ta koma gefe. Likitoci da ma'aikatan jinya da ɗalibanmu da ke renon yara a biranen Ingila a yau, a cikin wannan tsari 'ya'yansu ke karatu, kuma dokar ta wajabta wa makaranta ta tuntuɓi iyaye kan manufarta ta wannan darasi.

Sabuwar tambaya

Cikin shekaru goma da suka wuce muhawarar ta koma kan yaran da ke cewa jinsin da aka haife su da shi ba shi ne nasu ba. Yawan yaran da ake turawa asibitin ƙwararru na Tavistock ya tashi daga ƙasa da 250 a shekarar 2011 zuwa 2012 ya haura 5,000 bayan shekara goma. Wannan ya fi batun littafi wuya, domin hukunci ake nema daga malami nan take. Yarinya ta ce a riƙa kiranta da sunan namiji, kuma kada a gaya wa iyayenta. Wane banɗaki za ta shiga, wane rukuni za ta bi a wasanni, ina za ta kwana idan an yi tafiya? Shekaru da yawa babu jagora daga gwamnati, kowace makaranta ta bi abin da ta samu, sau da yawa daga ƙungiyoyin waje masu ra'ayoyi mabambanta.

A Disamban 2023 ma'aikatar ilimi ta fitar da daftarin jagora da ke cewa a sa iyaye cikin maganar sai dai idan yin hakan zai jefa yaro cikin haɗari, kuma babu wajibci a kan makaranta ta amince da sauya suna ko tufafi. A Afrilun 2024 likitar yara Hilary Cass ta miƙa rahotonta, inda ta ce hujjojin kimiyya kan magungunan da ake ba irin waɗannan yara masu rauni ne, ta kuma nemi a yi taka-tsantsan da sauya wa ƙananan yara suna da kamanni. Masu fafutuka da wasu likitoci sun soki rahoton, gwamnatocin jam'iyyun biyu kuwa sun karɓe shi. A Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kalmar jinsi a Dokar Daidaito na nufin jinsin haihuwa. Masu adawa da wannan sauyi suna kiransa sabon Sashe na 28, magoya bayansa na cewa kare yara ne da mayar wa iyaye haƙƙinsu.

Abin da tarihin ke nunawa

Mai karatu na iya tsayawa a kowane ɓangare na wannan muhawara, amma akwai abubuwan da shekarun nan suka tabbatar ko da wane ra'ayi mutum yake da shi. Doka mai kalmomi marasa iyaka ta fi aiki da tsoro fiye da kotu, kuma tana kaiwa inda masu ita ba su nufa ba. An ga haka a jihar Florida ta Amurka, inda dokar 2022 da ta hana koyar da waɗannan batutuwa a ƙananan azuzuwa ta sa malamai cire littattafai da hotunan iyalansu, har sai da aka yi sulhu a kotu a 2024 aka fayyace cewa ba ta hana ambato ko amsa tambaya ba.

Haka nan, duk lokacin da aka tsallake iyaye, rikici ne ke biyo baya. Haringey a 1986 da Parkfield a 2019 shekara 33 ne a tsakaninsu, amma ƙorafin ɗaya ne: an yanke hukunci kan 'ya'yanmu ba a tambaye mu ba. A Parkfield, zaman da aka yi da iyaye bayan rikici shi ne ya buɗe hanyar komawa aji, kuma da an yi shi tun farko da wataƙila ba a kai ga ƙofar makaranta ba.

Abu na ƙarshe ya shafi malamin kansa. Majalisa na iya sauya manhaja duk bayan zaɓe, amma yaron da ake zagi a filin wasa ba zai jira majalisa ba. Hana cin zali aiki ne da bai buƙatar malami ya amince da wata aƙida ko ya bar tasa, kuma ko masu kare Sashe na 28 sun sha nanata cewa ba su taɓa nufin a bar yaro a hannun masu tsangwama ba. Sai dai tsawon shekara goma sha biyar malamai da yawa ba su da tabbacin haka.